Farin Fenti a Kan Maɗaci

Rekiya ta ga fuskarta a jikin ƙofar wadirob, alhali ba madubi a wurin. Fenti ne kawai, fari fat, yana sheƙi kamar yanzu aka watsa masa ruwa. Ta ga goshinta, ta ga mayafin da ta goge da dutsen guga na gawayi tun da safe, har da 'yar ƙunar jikinsa da ta ɗauka ba mai lura da ita. A bayanta mata sun cika ɗakin amarya, wannan ta shafa kan gado, waccan ta ja durowa ta mayar don kawai ta ji yadda take komawa shiru.

"Masha Allahu," in ji wata daga dangin ango. "Wannan kam sai Kano. Baiwar Allah, ki gaya wa ƙanwarki ta fita kunyar 'yarta."

"Za ta ji," Rekiya ta ce, tana murmushin da bai wuce leɓe ba.

Ita ce yayar uwar amarya, don haka ita ta jagoranci jeren Yusra, tunda uwa ba ta taka gidan 'yarta a irin wannan rana. Da hannunta ta shimfiɗa zanen gado, da hannunta ta jera tangaran a kabad. Duk abin da ta ɗauka sai ta ji ya yi mata nauyi. Da aka gama aka kunna turaren wuta, mata suka rangaɗa guɗa, ita kuma ta fice tsakar gida, wai hayaƙi ya shigar mata ido.

A hanyar komawa ƙauyensu da ke bayan Bunkure, a-daidaita-sahu ta bi da su gefen babban kanal, shinkafa kore shar hagu da dama, amma ba abin da Rekiya take gani sai farin nan. Saura 'yan watanni a yi bikin tata 'yar, Aziza, kuma ƙanwarta Ummulkhairi ce za ta jagoranci jeren.

*

Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, Rekiya ce ma ta yi goyon Ummulkhairi. Ita ta koya mata ɗaurin zane, ita ta koya mata tuƙin tuwo. Sai Allah ya raba musu arziki yadda ya so. Ummulkhairi ta auri Badamasi yana ɗan awon shinkafa a kasuwar Kura, ya tashi ya zama Alhaji Badamasi mai injin casa. Rekiya ta auri Maharazu yana noman rani, har yau kuma noman ranin yake yi. Shekarar da tumatir ya yi kyau kasuwa ta faɗi, shekarar da kasuwa ta yi kyau tsutsa ta riga shi girbi. Haihuwa ma ƙanwar ce ta fara. Rekiya ta daɗe tana zuba ido kafin Aziza ta zo, daga ita kuma shiru.

Abin haushin, Ummulkhairi ba ta taɓa yi mata wulaƙanci ba. Da ta yi, da Rekiya ta sami inda za ta jingina abin da ke cin ta. Amma ina! Kullum "Yaya" a bakinta, ga buhun shinkafa da azumi, ga atamfa da sallah. Rekiya ta karɓa ta yi ta godiya, in an juya baya ta cusa atamfar a ƙasan akwati. Ta san sunan ciwon nata sarai. Ta sha jin malamai suna wa'azi a kan hassada a rediyo, har takan ce "Allah ya raba mu da ita" da ƙarfi don maƙwabta su ji. Sai dai ba su rabu ba.

Maharazu kuwa bai san ana yi ba. Shi mutum ne da in ya ce abu ya yi kyau, to yana nufin zai daɗe. Injin ban ruwansa sa'o'insa duk sun tafi wajen 'yan gwangwan, shi yana nan yana aiki, don duk ƙarshen rani sai Maharazu ya kankare masa tsatsa ya shafa masa jan fenti. Ƙyauren gida ma haka, garma kuwa sai ta sha baƙin mai kafin a rataye ta. Tun Aziza tana firamare iska ta kayar da wani tsohon maɗaci da mahaifinsa ya bari a bakin gona. Bai sayar ba, bai kuma bari an faskara shi ba. Ya sa aka yanka shi katako-katako, ya jera a zaure a kan duwatsu saboda gara, ya ce na ɗakin yarinyar nan ne. Shekara da shekaru katakon yana bushewa, baƙi suna zama a kansa suna shan fura.

Da aka sa rana, ya kira Sammani kafinta daga Bunkure. Sammani ya ƙera gado da wadirob da madubin kwalliya, ya goge su da samfefa har suka yi santsi, sannan ya shafa musu banish, man nan marar launi da ke kare katako daga ruwa da ƙwaro. Itacen ya fito ja mai duhu, zanen jikinsa a bayyane. Aka ajiye kayan a ɗakin da ke kusa da madafa, mai 'yar taga guda. Aziza ta shiga ta fito baki har kunne.

"Inna, kin ga yadda ya fito? Wallahi ban taɓa zaton katakon zauren nan ne ba."

"Na gani," Rekiya ta ce, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ranar da Ummulkhairi ta zo ganin kaya, ta daɗe tana shafa kan gadon. Ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta kasa kunne.

"Yaya, wannan ai har jikokin Aziza sai sun kwanta a kansa. Irin gadon Innarmu ne sak, Allah ya ji ƙanta."

Da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma kafin maganar ta isa zuciyar Rekiya ta zama wata daban: kayan tsofaffi ke nan, kayan ƙauye, irin wanda ake yaba wa talaka don a kwantar masa da hankali.

*

"Malam, a sa Sammani ya fesa wa kayan nan farin fenti."

Maharazu ya ɗago daga tiyon ban ruwa da yake ɗaurewa da roba. "Me ya same su?"

"Ba abin da ya same su. An daina yayin wannan kalar ne."

"Maɗaci ne fa, Rekiya. Wa ya taɓa rufe maɗaci da fenti? Abin da ake tsoron ya lalace ake shafa wa, ko wanda ake ɓoye muninsa. Wannan me za a ɓoye masa?"

"Kai ba ka shiga cikin mata. Ni za a kalla, ni za a yi da ni."

"Su kalla mana. In damina ta zagayo a kan nasu kayan, ma sake magana."

Ya ce ba za a taɓa ba, ya koma kan tiyonsa. Maharazu ba ya maimaita a'a, Rekiya ma ba ta sake tayar da zancen ba, har shi ya ɗauka ta haƙura. Ashe tunkiyarta ta sayar a ɓoye. Ranar kasuwa ta yafa mayafi ta tafi rumfar Sammani.

"Maman Aziza, da hannuna na yi aikin nan, ba na son in ɓata shi," in ji kafintan. "Malam Maharazu ya sani kuwa?"

"Ɗakin 'yata ne ko ɗakin Malam?"

Sammani ya sosa ƙeya. Mai iyali ne, aiki kuma ya yi wuya, don kowa yanzu Kano yake nufa. Ya yarda. Ta ce kuma ya nemo irin adon roban nan mai ruwan gwal ya kafa a kan gadon da goshin wadirob, yadda ko shi Maharazun sai ya duba sau biyu.

Matsalar ita ce yaushe. Mai gidan kullum yana shige da fice, in kuwa ya gani da wuri zai sa a kankare. Sai Rekiya ta lura ranar jere ta faɗo daidai da ranar da ake sakar wa ɓangarensu ruwa daga kanal, kuma manomin da ya bari ruwa ya wuce shi sai ya jira wani zagayen, tumatir yana yaushi. Dole Maharazu ya fita da asuba, ba zai dawo ba sai yamma. Aziza kuma tana gidan ƙawarta wajen ƙunshi. Kafin ya dawo an kwashe kaya an jere, sai dai ya ji labari.

*

Gari yana wayewa Sammani ya iso da injin feshi da ɗan janareta a bayan babur. Ya ce a fito da kayan tsakar gida. Rekiya ta ce sam, katangarsu gajera ce, kuma maƙwabciyarta Saliha ba ta rasa abin shanyawa a kanta duk lokacin da ta ji motsi. A cikin ɗakin za a yi.

Ya ɗaure hancinsa da tsumma ya shiga. Ya goge banish ɗin sama-sama, ya fara feshi. Lokaci zuwa lokaci sai ya fito ya dafa bango yana tari, idanunsa jajur, ya koma. Da hantsi ya gama, ya tsaya a bakin ƙofa yana naɗe waya.

"Maman Aziza, ki ji ni da kyau. Ki bar tagar nan da ƙofa a buɗe. Fentin nan da tina ake sirka shi, ita kuwa tina ta fi fetur son wuta. Ko ashana kada a ƙyasta kusa da nan. Da so samu ne ma, kayan su kwana kafin a taɓa su."

"La'asar za a kwashe su."

"To, Allah ya kyauta. Fuskar fentin za ta sha iska kafin nan. Iskar ɗakin ce abin tsoro."

Ya ɗora injin a babur, ya bar gwangwanin tinar da tsummokaran da ya goge hannu a bayan ƙofa, ya ce zai dawo ya ɗauka.

Rekiya ta toshe hanci ta shiga. Ta tsaya a gaban wadirob, sai ga fuskarta a ciki, fes, gwal yana zagaye da ita. Wani daɗi ya taso mata tun daga ciki, irin wanda rabonta da shi har ta manta. Ta yi dariya ita kaɗai.

Tana tsaye ta ga wani ɗan abu ya shigo ta taga yana lilo, ya sauka a kan gadon ya manne. Ƙaiƙayi ne. Gidan Saliha ake sheƙar shinkafa, iska kuma nan take kaɗowa. Ga wani, ga wani. Rekiya ta yi wuf ta rufe tagar, ta cusa tsumma a inda take da kafa, ta ja ƙofa ta datse kwaɗo. Ta ce a ranta ai na ɗan lokaci ne. Rana ta hau kan kwanon ɗakin ta zauna.

*

Bayan azahar gida ya cika. Tukwane biyu suna kan murhu, mata suna ta kai da kawo. Ummulkhairi ta iso daga Kura da leda a hannu, ta durƙusa ta gai da yayarta kamar kullum. Ta ce an bugo mata waya, motar ɗaukar kaya tana hanya, kuma wasu daga dangin ango sun biyo ta don su kama.

Rekiya ta ciro ɗan makulli daga haɓar zane. Ta jira sai da mata suka taru a bayanta, sannan ta tura ƙofar.

Warin ne ya fara fitowa, mai zafi, mai shiga ƙwaƙwalwa. Sai farin ya biyo baya.

"Ikon Allah!" Saliha ta dafe ƙirji. "Rekiya, ina jajayen nan da muka gani?"

"Na mayar wa kafinta abinsa. Waɗannan daga Kano na sa aka kawo."

Ba Saliha take kallo ba da ta faɗi haka. Fuskar ƙanwarta take kallo, tana neman abin nan da ita ta ji a ɗakin Yusra. Ummulkhairi ta shiga a hankali, ta dubi wadirob, ta dubi madubi, ta dafa gefen gadon. Nan take ta janye hannun ta cusa shi cikin mayafi. Wani abu ya gilma a fuskarta ya wuce. Rekiya ta gani, ta ce a ranta yauwa, ki ɗanɗana ki ji.

"Masha Allahu, Yaya," in ji Ummulkhairi. "Sun yi kyau ƙwarai."

"Amma wannan wari fa?" Saliha ta kutsa kai tana shinshinawa. "Har kaina ya sara."

"Warin sabon kaya ne," Rekiya ta ce. "Yanzu aka ciro su daga leda."

Saliha ta miƙa hannu za ta shafa wadirob, Ummulkhairi ta sha gabanta tana dariya. "Haba Saliha, da man ja a hannunki? Ku fita, ku fita, a bar wa amarya abinta." Ta kora su waje ta ja ƙofar. Sannan ta buɗe ledarta. "A ba ni kasko. Na zo da turaren wuta mai kyau. Kafin dangin ango su iso ɗakin ya gyaru."

Wata ta miƙo kasko. Ummulkhairi ta nufi murhu, ta tsugunna, ta fara zaɓo garwashi da ludayin ƙarfe.

Rekiya tana tsaye a gindin turmi, muryar Sammani ta dawo mata tar. Ko ashana. Ta buɗe baki. Abin da za ta faɗa bai da tsawo: Khairi, ajiye, fentin ɗanye ne. Amma in ta faɗa, Saliha tana nan, mata suna nan. Za a ce yaya kayan Kano da ɗanyen fenti? Za a koma a duba, a ƙwanƙwasa, a gane. Kafin magariba labari ya isa Bunkure, gobe ya isa Kura, cewa Rekiya ta shafe tsohon katakon zaure ta ce na Kano ne. Duk wannan ma da sauƙi. Abin da ba za ta iya ɗauka ba shi ne idon Ummulkhairi, ya cika da tausayin nan nata.

Ai garwashi ne ba harshen wuta ba, ta ce a ranta. Ai an buɗe ƙofa ɗazu, iska ta fita. Ai masu sana'a haka suke, sai su tsorata mutum a kan abin da bai kai ba.

Ummulkhairi ta barbaɗa turaren, hayaƙi ya tashi, ta hura har garwashin ya yi ja. Ta wuce ta gaban yayarta, ta yi mata murmushi, ta nufi ɗakin kayan.

Rekiya ta rufe bakinta.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an kaɗe babban bargo. Sai wuta ta yi tsalle ta ƙofar har tsakar gida. Mata suka tarwatse suna salati. Ummulkhairi ta fito a guje, mayafinta yana ci, hannayenta a sama. Rekiya ba ta san lokacin da ta suri bahon ruwan wanke shinkafa ta sheƙa mata ba, ta faɗa kanta tana kashe wutar da tafin hannu, tana kiran sunanta kamar lokacin da take goyon ta.

Maza suka shigo da bokitai, suka yi layi har ƙaramin kanal da ke bayan gida. Kafin Maharazu ya iso daga gona, laka har gwiwa, an kashe wutar. Wadirob ya ƙone, madubi ya fashe, katifa ta zama toka. Ya shiga ɗakin ya tsaya a gaban gadon da ya yi baƙi ƙirin, ya kankari gefensa da farce. Ya sa aka kama masa shi zuwa zaure, ya lulluɓe shi da buhuna.

*

Ba a ɗaga biki ba, Ummulkhairi ce ta hana, daga kan gadon asibiti a Kura. Alhaji Badamasi ya aika Kano aka kawo wa Aziza saitin gado fari mai ruwan gwal, sabo a leda. Waɗansu suka yi jeren. Duk wanda ya shiga ɗakin sai ya ce uwar amarya ta fita kunya.

Ga masu zuwa dubiya kuwa magana ɗaya Ummulkhairi take maimaitawa, cewa ganganci ta yi, garwashi ya zube mata a kan ledar katifa. Sammani ma ya zo jaje. Ya haɗa ido da Rekiya, ya sunkuyar da kai, ya yi addu'a ya tafi, don shi ma yana da nasa abin tsoron.

Rekiya ce take jinya. Hannayen ƙanwarta biyu a naɗe suke har gwiwar hannu, rabin fuskarta ma haka. Ita take ba ta kunu a baki, ita take gyara mata kallabi. A baranda tana jin mata suna cewa baiwar Allah, wajen hidimar 'yar yayarta ta haɗu da wannan, irinta sai an tona. Kuma, Allah ya yafe mata, ko a nan sai da Rekiya ta ji tsohon abin nan ya ɗan motsa.

Wata rana da hantsi ɗakin ya rage su biyu. Ummulkhairi ta juyo da idon da ba a rufe ba.

"Yaya, ya ɗakin Aziza?"

"An ce ya yi kyau."

"Na so in hana Alhaji sayo farin saitin nan, amma kafin in ji ya riga ya aika. Garin katako ne a cikinsu. Na Yusra ruwa yana taɓa shi ƙafar wadirob ta kumbura, yanzu bulo aka tokara masa." Ta mayar da numfashi. "Gadon maɗacin nan ya tsira kuwa?"

Cokalin ya tsaya a hannun Rekiya.

"Na gane shi tun daga bakin ƙofa, Yaya. Ai na shafa shi a baya, hannuna ya san shi. Da na dafa sai fentin ya kama mini yatsa, shi ya sa na ɓoye hannun. Na ga in Saliha ta taɓa, shi ke nan, ga dangin ango a hanya. Sai na ce bari in yi maza in turara, warin ya tafi, mu kwashe kayan da kanmu a lulluɓe. Ba wanda zai sani."

Rekiya ta ajiye kofin kunun a ƙasa don kada ya zube.

"Kin sani," ta ce, muryarta can ƙasa.

"To me ne ne a ciki? Wace uwa ce ba ta son ɗakin 'yarta ya yi kyau?" Ummulkhairi ta yi ƙoƙarin murmushi, fatar ta ja ta, ta fasa. "Ki daina damun kanki, na ga ko abinci ba kya ci. Ƙaddara ce. Ni ban taɓa sanin fenti yana kama wuta haka ba. Ke ma na san ba ki sani ba, Yaya. Da kin hana ni."

Rekiya ta buɗe baki. Ba Saliha a nan, ba dangin ango, ba kowa sai ƙanwarta da ido ɗaya tana kallon ta, kuma idon cike yake da abin nan da ta guda. Sannan ta sunkuya ta ɗauki kofin.

"Sha, kada ya huce," ta ce.

*

Ranar da ta koma gida ɗauko kayan sawa, ta tarar da Maharazu a zaure, inda katakon ya yi shekaru a jere. Ya yaye buhunan, ya kifa kan gadon a cinyarsa, yana kankarewa da fasasshiyar kwalba. Ƙonannen fentin yana naɗewa yana zubowa a ƙafarsa, da guntayen adon roban da ya narke. Inda ya gama, itacen ya fito ja mai duhu kamar da.

Tun ranar gobarar bai ɗaga mata murya ba, bai kuma tambaye ta komai ba. Yanzu ma bai ɗago ba.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Sun ce tabon ba zai tafi ba."

Ya hure tokar da ke kan katakon, ya shafa shi da tafin hannu. "Wannan bai ci ciki ba," ya ce. "Sama-sama ne."

Ba ta tambaye shi wa zai kwanta a kai ba. Ta matso, ta sunkuya a kan wurin da ya kankare, ta daɗe tana dubawa. Itace ne kawai, da zanen jikinsa, ba ta ga fuskar kowa a ciki ba.